Raga ko Zare: Muhawarar Likitoci Kan Tiyatar Gwaiwa ta Gaggawa

Akwai tiyatar da likita kan shirya mata tun da sauran mako guda, ya auna jinin majinyaci, ya sa masa rana, ya hana shi cin abinci tun dare. Akwai kuma wadda takan faɗo masa da tsakar dare ba sallama. Gwaiwar da ta shaƙe tana cikin kashi na biyu. Mutum ya yi shekaru da kumburi a matsematsinsa ko a cibiyarsa, in ya miƙe ya fito, in ya kwanta ya danna ya koma, har ya saba da shi. Rana ɗaya sai ya fito ya ƙi komawa. Ciki ya murɗa, amai ya taso, bayan gida da iska su tsaya cik. Abin da ya faru shi ne wani yanki na hanji ya zurara ta ƙofar da ta buɗe a bangon ciki, ƙofar ta matse shi har jini ya daina kai masa. Hanjin da jini ya yanke masa kuwa ba ya jiran kowa. Da an wuce awa shida ko makamancin haka haɗarin mutuwarsa yana ƙaruwa ƙwarai, in aka ƙara jinkiri ya yi baƙi, ya ruɓe, ya fashe.

Likitan tiyata zai buɗe, ya saki hanjin, ya duba ko da sauran rai a jikinsa. In babu, ya yanke ruɓaɓɓen ya haɗa bakin masu rai. A kan wannan babu jayayya. Jayayyar tana farawa ne a ƙarshen aiki, lokacin toshe ƙofar da hanjin ya bi ya fito. Ya ɗinke naman da zare kawai, ko kuwa ya shimfiɗa ragar roba ta ƙarfafa wurin? Likitoci masu ilimi da gaskiya sun rabu a kan wannan tambaya, kuma kowane ɓangare yana da majinyacin da yake tunawa in ana maganar.

Sai an san dalilin da ya sa raga ta samu karɓuwa kafin a gane nauyin gardamar. A shekarun 1880 wani likita ɗan Italiya, Edoardo Bassini, wanda ya yi aiki a birnin Padua, ya fito da hanyar gyaran gwaiwa ta janyo tsokoki da jijiyoyin matsematsi a ɗinke su wuri guda. Kusan shekara ɗari duniya tana kan wannan hanya da rassanta. Matsalarta ita ce ja. Duk wanda ya taɓa ɗinke buhun da ya yage ya sani, in ka janyo bakin yagar ka ɗinke da ƙarfi, ranar da aka cika buhun sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin, amma in ka sa faci mai faɗi sai nauyin ya rarrabu. A 1958 Francis Usher a birnin Houston na Amurka ya fara amfani da ragar roba a wannan aiki, a 1989 kuma Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Los Angeles suka wallafa hanyar shimfiɗa raga a matsematsi ba tare da jan nama ba. Jiki yakan tsiro da sabon nama ta cikin ramukan ragar, ya riƙe ta, ta zama bango.

Alƙaluma sun goyi bayanta. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a shekara ta 2000, ya kwatanta ɗinki da raga ga masu ƙabar da ke fitowa a tabon tsohuwar tiyata. Bayan shekara 3 ciwon ya dawo wa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke da zare, da kashi 24 na masu raga. Da aka sake bibiyarsu zuwa shekara 10, sai ya zama kashi 63 da kashi 32. A yau ana yin tiyatar gwaiwar matsematsi fiye da miliyan 20 a duniya kowace shekara, kuma ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2018 sun zaɓi raga ga babban mutum in tiyatar ta shiri ce. To amma duk wannan a fili mai tsabta ne. Tiyatar gaggawa wata duniya ce daban.

Masu ƙin raga a aikin gaggawa suna tsaye ne kan wata tsohuwar doka ta ɗakin tiyata: ba a binne baƙon abu a wurin da ƙazanta ta taɓa. Dokar ba ta tsoro ba ce, tana da tushe. Naman jiki yana da jini, jini kuma shi ke kai sojojin garkuwar jiki da maganin da aka sha ko aka yi allurarsa. Roba ba ta da jini. In ƙwayoyin cuta suka samu zaren raga, sukan manne masa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, su zauna a ciki, magani ya yi ta wucewa ta kansu bai taɓa su ba. An daɗe da sanin cewa in akwai baƙon abu a cikin rauni, ƙwayoyin cuta ƙalilan sun isa su haddasa mugunya, adadin da jiki zai iya murƙushewa da kansa in babu wannan baƙon. Wadda aka fi kamawa a ragar da ta ruɓe ita ce Staphylococcus aureus, mai zama a fatar mutum, amma in an taɓa hanji sai ƙwayoyin cikin hanji su shigo sahu.

Suna kuma ƙarawa da cewa ido yana yaudara. Hanji na iya dawowa da launinsa bayan an sake shi, likita ya ga yana motsi, ya ce Alhamdu lillahi ya tsira, alhali tun awannin da ya yi a matse bangonsa ya yi rauni, ƙwayoyin cuta sun ratsa sun shiga ruwan da ya taru a jakar gwaiwar. Wannan ruwa shi ke wanke wurin da za a kwantar da ragar. Wanda aka kawo da gaggawa kuma ba a shirya shi ba: jikinsa ya bushe da amai, wataƙila yana da ciwon suga da ba a daidaita ba, wataƙila dattijo ne mai ƙarancin jini. Duk waɗannan suna rage wa rauni ƙarfin warkewa.

In mai karatu bai taɓa ganin wanda ragarsa ta kamu ba, zai yi wuya ya gane abin da ya sa wasu likitoci ke jin tsoronta haka. Ba irin mugunyar fata ba ce da za a cire zare biyu a matse a wanke ta warke. Wurin yakan kumbura ya yi ja, ya fashe, ya bar wata 'yar kafa da ke ɗigar ruwa mai wari. A sha magani ta ƙafe, a daina ta dawo. Wata uku, wata shida, shekara, mutum yana yawo da auduga a ƙugunsa, kullum tufafinsa da tabo, tsarkin sallarsa ma ya zama abin damuwa. A ƙarshe sai an koma ɗakin tiyata an ciro ragar, ciro ta kuwa ya fi sa ta wahala nesa ba kusa ba, domin nama ya riga ya cakuɗe da ita. A matsematsi akwai jijiyoyin da ke kai jini ga maraina da bututun maniyyi a kwance kusa da ita. A bangon ciki kuma tana iya mannewa da hanji ta huda shi, abin cikin hanji ya riƙa yoyo ta fata, wanda yana cikin mafi munin abin da ke samun majinyacin tiyata. Bayan an cire ta, sau da yawa ƙofar da aka toshe tun farko tana sake buɗewa.

Masu ƙin raga suna da alƙalumansu su ma. A 2012 an wallafa nazarin tiyatar ƙabar bangon ciki 33,832 daga asibitocin Amurka, ya nuna cewa matsaloli bayan aiki sun fi yawa in an sa raga a raunin da ba cikakken mai tsabta ba, marubutan kuma suka ba da shawarar a guje ta in akwai gurɓata. Hujjarsu ta ƙarshe ita ce mafi sauƙin fahimta. Suka ce aikin daren nan na ceton rai ne. A saki hanji, a ɗinke, a fita. In gwaiwar ta dawo, an san maganinta: a sa rana, a gyara da raga a fili mai tsabta. Dawowar gwaiwa abin takaici ne, amma ruɓewar raga azaba ce.

Ɗaya ɓangaren ba su ƙaryata ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suka ce shi ne an auna ɓangare guda na ma'auni an bar ɗayan. "A dawo daga baya a gyara" magana ce mai daɗin faɗa a ɗakin taro. Wanda aka sallama yakan tafi ke nan. In gwaiwar ta dawo zai zauna da ita kamar yadda ya zauna da ta farko, ranar da ta sake shaƙewa kuma zai zo ya fi tsufa, ya fi rauni, wurin cike da tabo, aikin ya fi haɗari. Kuma ɗinkin zare a daren gaggawa shi ne ɗinki mafi rauni da likita zai yi, domin naman ya kumbura ya jiƙe, zare yana yanka shi, ga cikin majinyaci a kumbure da iska yana turo ɗinkin daga ciki. Wato a lokacin da aka fi bukatar ƙarfin raga, a lokacin ne tsohuwar doka ta hana ta.

Sun kuma ce kalmar raga ta haɗa abubuwan da ba su da halin juna. Ƙwayar cuta girmanta kusan maikiron ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cinye ta sun fi ta girma sosai, ba sa iya shiga ramin da bai kai maikiron 10 ba. Saboda haka raga mai matsattsun ramuka, ko wadda aka saƙa da zare mai tufka, mafaka ce ga cuta: ita ta shiga, mai korarta ya tsaya a ƙofa. Irin wannan, musamman wata roba mai santsi dangin Teflon, in ta kamu kusan dole a cire ta, kuma ita ce ta jawo wa raga baƙin suna. Ragar folifirofilin mai zare ɗaya ɗaya da manyan ramuka, sama da maikiron 75, tana barin garkuwar jiki da sababbin jijiyoyin jini su ratsa ta. Ko ta kamu, sau da yawa ana ceto ta da buɗe rauni, wankewa da magani, ba sai an ciro ta ba. Wurin da aka kwantar da ita ma yana da tasiri. Wadda aka sa a bayan tsoka, inda jini ke gudana sosai, ta fi wadda aka ɗora ƙarƙashin fata tsira.

A kan aiki kuma, likitoci a Iskandariya ta Masar, ƙarƙashin Samer Bessa, sun wallafa a 2015 sakamakon shekara 10 na sa raga ga majinyata 234 da suka zo da gwaiwar matsematsi a maƙale ko a shaƙe, cikinsu har da waɗanda aka yanke wa hanji, kuma kamuwar ragar kanta ta zo ƙalilan ƙwarai. Irin waɗannan rahotanni ne suka sa Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Gaggawa ta Duniya, WSES, ta sassauta tsohuwar doka a ƙa'idojinta na 2013 da ta sabunta a 2017. Ta bi rabon raunuka gida huɗu na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. In hanji ya maƙale amma bai mutu ba, a sa raga. In ya shaƙe, ko ma an yanke wani yanki amma abin cikinsa bai zube a fili ba, ana iya sa ragar roba. In kuwa ya zube, ko akwai mugunya a ciki, to a ɗinke da zare in ƙofar ƙarama ce, ƙasa da santimita 3. In ba ta ɗinkuwa, a nemi raga ta halitta, ko raga mai narkewa, ko a bar gyaran sai majinyaci ya farfaɗo.

Ragar halitta ta cancanci 'yar tsayawa, domin an daɗe ana ɗaukarta a matsayin mafitar wannan gardama. Ana yin ta ne daga fatar dabba ko ta mutum bayan an wanke ƙwayoyin halittarta, da fatan jiki zai maye gurbinta da namansa, cuta ta rasa abin mannewa. A 2022 Michael Rosen da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa gwaji kan majinyata 253 masu ƙabar bangon ciki a rauni mai gurɓata. Bayan shekara 2 ciwon ya dawo wa kashi 20.5 cikin 100 na masu ragar halitta, da kashi 5.6 na masu ragar roba, ba tare da an ga roba ta fi jawo matsalar rauni ba. A wannan gwaji farashin ta halitta ya haura dala 21,000, ta roba kuwa dala 105. Ga mu nan yankinmu wannan farashi ya kashe maganar tun kafin a fara ta. Kuma da yawa daga cikin irin wannan raga daga fatar alade ake yin su, abin da ya kamata a gaya wa Musulmi kafin a sa masa, ya tambayi malamansa in da hali.

To, in aka tsaya nan sai a ce masu raga sun yi nasara. Ni ban ga haka ba tukuna, saboda ingancin hujjar. Gwajin Rosen mai ƙarfi ne, amma majinyatansa an shirya su ne aka sa musu rana, ƙwararru suka yi aikin a manyan asibitoci. Ba irin wanda aka kawo cikin dare da hanji baƙi ba ne. Mafi yawan rahotannin aikin gaggawa kuma ba gwaji ba ne da aka raba majinyata da ƙuri'a. Likita ne ya buɗe, ya duba, ya zaɓa. Inda ya ga fili ya yi kyau ya sa raga, inda ya ga ƙazanta ya ɗinke. In daga baya aka ƙirga aka ga masu raga ba su fi kamuwa ba, ba mamaki, domin tun farko su ne masu sauƙin ciwo. Wannan bai nuna raga ba ta da haɗari a wuri mai datti ba. Ya nuna likitoci sun iya zaɓe.

Akwai kuma batun lokacin ƙirga. Rahotanni da yawa suna tsayawa ne a kwana 30 bayan tiyata, alhali ruɓewar raga na iya ɓoyewa wata da watanni, har shekaru, kafin ta bayyana. Wanda ya kamu a wata na takwas ba ya cikin lissafi. Gaskiya ita ce wannan gajeren ƙirga yana cutar ɓangarorin biyu, domin dawowar gwaiwa bayan ɗinkin zare ita ma sai a hankali take fitowa. Shi ma nazarin Amurka na majinyata dubu talatin da ɗoriya yana da nasa raunin: ya haɗa raga iri iri da wuraren kwantarwa iri iri a tukunya ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aka haifi waɗannan ƙa'idoji da inda za a yi aiki da su. A Suwidin tiyatar gwaiwar matsematsi da ake yi da gaggawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. A Kumasi ta Gana, wani nazari da aka wallafa a 2009 ya nuna fiye da rabin aikin na gaggawa ne. Duk wanda ya san asibitocin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ya san dalilan ba baƙi ba ne: kunyar ciwon da ke al'aura, rashin kuɗin aiki, nisan gari, da kwana ɗaya ko biyu da akan ɓata ana jiƙe-jiƙe da danne-danne a gida kafin a nemi mota. Majinyacin da ƙa'idar ta zana, wanda ya iso cikin 'yan awanni hanjinsa da rai, ba shi ne ya fi yawa a nan ba. Wasu cikin namu sukan iso ne a rukuni na uku ko na huɗu, wato abin cikin hanji ya zube ko akwai mugunya, inda ko ƙa'idar ma ba ta yarda da ragar roba ba.

Sannan ga ɗakin tiyatar kansa. Wani babban nazari mai suna GlobalSurg, da aka wallafa a 2018, ya bibiyi majinyata fiye da 12,000 a ƙasashe 66 bayan tiyatar hanji da ciki. Raunin ya kamu a kashi 9.4 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, da kashi 23.2 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. In aikin mai datti ne, a ƙasashe matalauta ya kusa kashi 40. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na cututtukan da aka gwada a waɗannan ƙasashe sun bijire wa maganin da aka bayar don rigakafi. A shekarar kuma wani nazari a ƙasashen Afirka 25 ya gano cewa majinyacinmu ya ninka na sauran duniya haɗarin mutuwa bayan tiyata, kuma kamuwar cuta ce matsalar da ta fi yawa. Ragar da ta zauna lafiya a asibitin da tukunyar turara kayan aiki ke da wuta dare da rana, da ɗakin gwajin da zai faɗi sunan ƙwayar cuta da maganinta cikin kwana biyu, ba lallai ta zauna lafiya ba a inda ake aiki da hasken tocila in janareta ya ɗauke.

Amma adalci ya sa in faɗi cewa talaucin nan yana yanka ta gefe biyu. Manomi, ɗan dako, mai turin kurar ruwa, maƙeri, duk da ƙarfin cikinsu suke ci, su ne ɗinkin zare ya fi saurin kwancewa a jikinsu, su ne kuma ba su da kuɗin tiyata ta biyu. Wanda ya sayar da akuya da buhun gero ya biya aikin farko ba shi da abin sayarwa a karo na biyu. Mai son raga zai ce saboda haka a yi masa aiki mai ƙarko sau ɗaya. Mai ƙinta zai ce wannan mutumin ne dai ba zai iya sayen maganin wata shida da auduga da kuɗin motar zuwa wankin miki ba. Duka biyu gaskiya suka faɗa.

Tsadar ragar kanta ta fara raguwa a matsayin hujja. Likitoci a karkarar Indiya sun daɗe suna amfani da yadin gidan sauro da aka turara, kuma a 2016 an wallafa gwaji daga gabashin Yuganda kan maza 302, inda ragar gidan sauro da ba ta kai dala ɗaya ba ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta kamfani mai dala 125. Sai dai wannan ma a tiyatar shiri ne, da yadi na musamman da ba a jiƙa da maganin sauro ba, wanda aka san irin robarsa da zafin da take ɗauka. Ba gidan sauron da ake rabawa a unguwa ba ne, kuma ba hujja ba ce ta sa shi kusa da hanjin da ya ruɓe.

Ga inda na tsaya. In an buɗe an tarar da hanji da rai, ruwan jakar garau ba wari, ba a yanke komai ba, to hana wannan mutum raga saboda kawai aikin ya zo da dare zalunci ne da aka yi da kyakkyawar niyya. A ba shi maganin rigakafi kafin a sa wuƙa, a wanke, a sa raga mai manyan ramuka. In kuwa an tarar da hanji ya fashe, ko mugunya, ko majinyaci jininsa ya faɗi yana tsakanin rai da mutuwa, to babu wurin ragar roba a wannan dare ko da kyauta aka ba da ita. A nan tsofaffin likitoci ba su yi kuskure ba, kuma babu binciken da ya ture su.

Rigimar gaskiya tana tsakiya: an yanke hanji, an haɗa, ba abin da ya zube a ido. Ƙa'idar duniya ta ce ana iya sawa, kuma "ana iya" ba "dole" ba ce. A asibitin koyarwa da ke da ƙwararre a tsaye, da ingantaccen turara kaya, da ɗakin gwaji, da majinyacin da gidansa ke cikin gari zai iya dawowa in ya ga ɗigo, na yarda a sa. A babban asibitin ƙaramar hukuma inda likita ɗaya ne ke riƙe da komai, majinyaci kuma zai koma ƙauyen da sai ranar kasuwa mota ke shiga, na fi karkata ga zare, musamman a matsematsi inda ɗinki mai kyau yana riƙewa ga mafi yawan mutane. Dalilina shi ne bambancin kuskuren biyu. Gwaiwar da ta dawo tana ba da lokaci, kuma kowane likitan tiyata na iya gyara ta. Ragar da ta ruɓe tana cin mutum kullum, ciro ta kuma sai gwani. Babbar ƙofa a bangon ciki, wadda bakinta ba ya haɗuwa sai da ja mai tsanani, ita ce inda zan fi sassautawa, domin a can ɗinkin zare kusan alkawarin dawowa ne.

Wannan matsayi yana da sharaɗi da ya hau kan makarantun likitanci. In za a ce wa likita ya ɗinke, sai ya iya ɗinkin. Tun da raga ta yi ƙarfi, hanyoyin zare sun fara zama tarihi a hannun matasan likitoci. Hanyar Shouldice ta Kanada, wadda ƙa'idojin 2018 suka ce ita ce mafi inganci cikin hanyoyin da ba raga, tana bukatar horo da maimaici. Hanyar Desarda ta Indiya, da aka bayyana a 2001, tana amfani da wani ɓangare na jijiyar bangon cikin majinyaci a madadin raga. Likitan da zai yi aiki a Gumel ko Tessaoua ya kamata ya fita makaranta da hannu biyu, na raga da na zare. Akwai kuma ƙananan abubuwa masu arha da aka tabbatar. Gwajin ChEETAh na 2022, wanda aka yi a ƙasashe 7 har da Nijeriya, Gana da Benin, ya nuna cewa canza safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage kamuwar rauni daga kashi 18.9 zuwa kashi 16 cikin 100. Wanda ya taɓa hanji bai kamata ya ɗauki raga da wannan safar ba.

Ina kuma kira ga asibitocinmu da su riƙa rubutawa. Wa aka sa wa raga, wace iri, a wane hali aka tarar da hanji, me ya faru bayan shekara. Wayar hannu tana kusan kowane gida yanzu, kiran majinyaci bayan wata shida ba abu ne mai tsada ba. Da irin wannan rajista Suwidin da Denmak suka gyara aikinsu, mu ma da ita za mu daina aron amsa daga ƙasashen da majinyatansu ba irin namu ba ne. Haka nan dangin majinyaci suna da haƙƙin a gaya musu tun kafin a shiga cewa shawarar raga sai an buɗe an gani, a kuma gaya musu bayan an fito abin da aka sa a jikin ɗan'uwansu da alamomin da za su sa a dawo da shi: ja, kumburi, zazzaɓi, ko ɗigon ruwa daga tabo ko da bayan watanni ne.

Rajistar Suwidin ta nuna cewa haɗarin mutuwa yana ninkuwa sau 7 in tiyatar gwaiwa ta zama ta gaggawa, sau 20 in sai da aka yanke hanji. Mai karatu, in kana da kumburin da ke fitowa yana komawa, ko mahaifinka, ko mijinki, ko ke kanki, domin mata ma suna yi kuma tasu ta saman cinya ta fi saurin shaƙewa, a je a nuna wa likita a sa rana tun yana komawa. In kuwa ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo ga amai, kada a danna shi da ƙarfi, kada a ba shi abinci ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A nemi mota a nufi asibitin da ake tiyata a wannan sa'ar.